Sharhi: Yadda rashin daidaita waya, soket da bireka ke haddasa gobara a gidajen Gombe

Duk lokacin da hunturu ya shigo, iska ta bushe, jama'a suka dukufa wajen ɗumama ruwa da hita, sai labarin gobara ya yawaita a biranen Arewa. Sau da yawa, bayan an kashe wutar, abin da ake faɗa shi ne "matsalar lantarki ce." Wannan kalma tana rufe wani bayani mai muhimmanci: galibin irin wannan matsala tana tasowa ne daga ɗora wa waya nauyin da ya fi ƙarfinta.

Birnin Gombe ya bunƙasa matuƙa tun bayan da ya zama hedikwatar jiha a ranar 1 ga Oktoba, 1996. Tsofaffin unguwanni kamar Jekadafari, Bolari da Herwagana sun cika maƙil, sababbi kuma sun miƙa har Tumfure. Gidajen da aka yi wa wayarin shekaru da dama da suka wuce, domin ƙwan fitila da fanka da rediyo, a yau suna ɗauke da firji, na'urar sanyaya ɗaki, tukunyar lantarki da injin jawo ruwa. Kayan sun ƙaru, waya kuwa tana nan yadda take.

Kamfanin Rarraba Wutar Lantarki na Jos, wato JED, shi ke raba wuta a jihohin Gombe, Bauchi, Filato da Binuwai. Amma alhakin kamfanin ya tsaya ne a kan mita. Daga mita zuwa cikin ɗakuna, nauyin yana wuyan mai gida da wanda ya yi masa aikin.

Lissafin ba shi da wuya. Wutar gida a Najeriya tana zuwa da ƙarfin bolt 230. Fulogi mai ƙafa uku, irin na Ingila da aka saba da shi, an yi shi ne domin ɗaukar amfiya 13, wato kusan wat 3,000. Butar lantarki guda tana iya cin wat 2,000, dutsen guga kuma wat 1,000 ko fiye. Idan aka haɗa waɗannan biyu a kan ekstenshan ɗaya, an kai ƙarshen abin da zai iya ɗauka, balle a ƙara firji. Da yawa daga cikin ekstenshan masu arha ma wayarsu ba ta kai ta ɗauki amfiya 13 ɗin ba.

Haka ma wayar cikin bango. A ƙa'idar da masu sana'ar ke bi, waya mai kaurin milimita 1.5 ta layin fitilu ce, tare da bireka mai amfiya 6 ko 10. Mai 2.5 ta layin soket ce, mai 4 ko 6 kuma ta manyan kaya kamar murhun lantarki. Aikin bireka shi ne ta yanke wuta kafin waya ta yi zafin da zai narkar da robarta. Don haka girman waya ne ke nuna girman birekar da za a sa mata. Kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne, idan bireka ta cika faɗuwa, sai a cire ta a sa babba. Daga nan wuta za ta daina yankewa, waya kuma za ta ci gaba da dahuwa a cikin silin har ranar da za ta kama. Irin wannan ne ke faruwa idan fis ya ƙone aka maye gurbinsa da guntun waya.

Akwai kuma batun ingancin kaya. Tsadar jan ƙarfe ta sa ana samun wayar alminiyam da aka shafa wa launin jan ƙarfe, ko wadda kaurinta bai kai abin da aka rubuta a jikinta ba. Irin wannan waya tana saurin zafi fiye da ta gaske, ko da an sa mata birekar da ta dace da lambar da ke jikinta. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ita ce ke da hurumin sa ido a wannan fanni.

Yawan ɗaukewar wuta ya ƙara wa lamarin sarƙaƙiya, domin gidaje da dama yanzu suna da hanyoyin samun wuta biyu ko uku: ta kamfani, ta janareta da ta sola. Wanda ya jona janareta kai tsaye a soket ɗin bango, ba tare da makunnin sauya layi ba, yana iya tura wuta baya zuwa turken waje, ya jefa ran ma'aikacin da ke gyara a kai cikin haɗari. A ɓangaren sola kuwa, inbata mai ba da wat 1,000 daga batir mai bolt 12 tana jan fiye da amfiya 80. Wannan na buƙatar waya mai kauri sosai da fis a kusa da batirin, abin da wasu masu haɗawa ke tsallakewa domin rage kuɗi.

Haɗin wucin gadi ya fi kowanne haɗari. Shagunan kwantena, rumfunan cajin waya da tantunan biki sukan jawo wuta daga gida mafi kusa da doguwar waya siririya, a kwance a ƙasa ko a rataye a jikin kwano. Ya kamata irin wannan layi ya samu birekarsa ta kansa, da wayar ƙasa, da na'urar da ke yanke wuta nan take idan ta fara bi ta jikin mutum, wadda ake saita ta a kan miliamfiya 30. Masu sayen kayan gwanjo kuma su lura cewa wanda aka yi domin Amurka yana aiki ne da bolt 120, kuma sauya masa kan fulogi kaɗai ba ya sauya wannan.

Doka ba ta yi shiru ba. Hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, ita ke duba ingancin aikin lantarki da ba masu wayarin shaidar ƙwarewa, kuma Dokar Lantarki ta 2023 ta ci gaba da ɗora mata wannan nauyi, tare da buɗe wa jihohi ƙofar tsara harkar wutarsu. Giɓin yana wajen aiwatarwa, musamman a tsofaffin gidaje da kasuwanni. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, da ta manyan kasuwannin Sakkwato da Katsina a 2021, sun nuna irin dukiyar da ke salwanta idan wuta ta kama inda shaguna ke manne da juna.

Magidanci ba sai ya jira hukuma ba kafin ya fara. Soket da ya yi baƙi, fulogi mai zafi a hannu, warin roba ko birekar da ke yawan faɗuwa, duk alamu ne na a kira ƙwararre ya auna layin. Kuɗin sauya waya ɗaya bai kai kuɗin sake rufin gida ba.