Kada a jefar da gurgun tsako a gaban yaro

A ƙarshen damina kazarmu ta ƙyanƙyashe ƴan tsaki 9. Don gudun ruwa na kwashe su na zuba a bahon roba, da safe sai ga ɗaya ƙafafunsa sun baje, ɗaya gabas ɗaya yamma, yana jan ƙirji. Inna ta leƙa ta ce a yar da shi bayan gida, ba ya yin rai. Ƴata ta aji biyar ta ce: "Baba, a bar mini shi."

Na bar mata, kuma ina ganin haka ya kamata kowane uba ya yi.

Laifin nawa ne. Ƙafar tsako sabon ƙyanƙyasa ba ta yi ƙwari ba, in ƙasa na da santsi, kamar roba ko leda ko takardar jarida, sai ta yi ta zamewa har ta saba da bajewa. Maganin bai kai dala goma ba. Mun yanka filasta siririya, muka haɗa ƙafafun biyu daga saman yatsu, muka bar tazara daidai yadda lafiyayyen tsako ke tsayuwa. Muka shimfiɗa masa tsohon buhun algarara a kwali, wuri mai ɗumi. Ruwansa a murfin kwalba, da ƴan tsakuwa ciki don kada ya faɗa ya jiƙe. Kullum da safe kafin ta tafi lakol sai ta kwance ɗaurin, ta duba ko ya matse, ta ajiye shi ta ga ko zai tsaya. Ran kwana na huɗu ya tsaya.

Ni malami ne, shekara da shekaru ina rubuta wa yara a allo cewa kimiyya lura ce da gwaji. Su kwafa, su haddace, su manta. Yarinyar nan ba wanda ya sa ta, ta ɗauko kaye tana rubuta abin da tsakon ya ci da lokacin da ya yi a tsaye. Ita ta gano cewa a kan buhu yana dafewa, a kan siminti yana sulɓewa. Ban taɓa samun haka daga gare ta da alli ba.

Inna ba mugunta ta yi ba, ta ga irinsu da yawa sun mutu. Gaskiya ne ba kowane ke warkewa ba, musamman in an bari ya kwana biyu a haka, don tun a kwanakin farko ake gyara wannan. Kuma in tsako na murɗe wuya, yana zawo, ko ƴan uwansa na faɗuwa bi da bi kamar yadda ake gani da hunturu, wannan ba aikin yaro ba ne: a ware shi, a nemi likitan dabbobi, yaro ya wanke hannu da sabulu. Amma ko da ya mutu a hannunta, na fi son ta yi kukan wanda ta yi jinya da ta koyi cewa mai rauni bayan gida ake kai shi. A ajina akwai yaron da ke zuwa da sanda, kuma yara na kallon yadda muke yi da irinsa.

Tsakon yanzu zakara ne, yana ɗan ɗingishi in ya ruga. Rigimar da ke gabanmu ta Sallah ce: ta ce ba mai yanka shi, Inna kuwa ta riga ta sa masa ido.