Kafin Kifin Ado Ya Iso, Ki Duba Yashi

Uwargida, in yara sun matsa sai an sayo musu kifin ado irin sikilid, wato dangin karfasa, ki fara da zaɓen yashi. Kifin nan gwanin tono ne: yakan ɗebi yashi a baki, ya tsince abinci, ya furzar da sauran. Yashi mai kaifi zai yanke masa baki, na wurin gini kuwa yakan haɗu da siminti ko baƙin mai.

Ki murza shi a tafin hannu. In ya karce ki, ki bar shi. Sannan ki ɗiga masa ruwan khal. In ya yi kumfa, yana da sinadarin alli. Kifin tafkunan Malawi da Tanganyika yana son irin wannan, amma na kogin Amazon ba ya so, don haka ki tambayi mai sayarwa asalin kifin.

Ki wanke yashin a bokiti, ban da sabulu, har ruwan ya fito garau. Ki kafa duwatsu a ƙasan akwatin tukuna, kada tono ya kayar da su, sannan ki zuba yashi kaurin santimita 3 zuwa 5.

Wane yashi kike amfani da shi? Faɗa mana a ƙasa.