Garmar Shanu da Bindigar Walda

Manomin Gangara, can ƙasar Jibiya a bakin iyakar Nijar, ba shi da ranar ɓatarwa idan ruwa ya sauka. Daminar wurin gajeriya ce, ƙasar kuwa jigawa, ba ta daɗewa da laima. Wanda garmarsa ta shanu ta karye ranar huɗa, kafin ya kai ta Jibiya a gyara ya komo, ƙasa ta sha iska, shanu kuma sun yi kwana biyu suna cin harawa a banza. Sau da yawa in aka duba, daidai inda aka yi walda bara, nan ta ɓalle.

Yawancin masu walda na ƙasar nan da sandar walda su ke aiki. Amma akwai wata na'ura wadda ta ke turo siririyar waya da kanta ta cikin bindiga, iskar gas kuma tana fitowa daga tulu ta lulluɓe narkakken ƙarfen. A Amurka aka ƙago ta cikin 1948. Tana da sauri, ɗinkinta kuma da kyaun gani. To, kyaun nan shi ne abin tsoro, domin bindigar da ba a kula da ita takan yi ɗinki sumul a sama, ciki kuwa ramuka kamar saƙar zuma, ko kuma ya kwanta bisa ƙarfe bai kama ba.

Wuri uku ne ke son kulawa. Akwai ɗan bututun jan ƙarfe a bakin bindigar, shi ke ba waya wuta. Lalle ne raminsa ya yi daidai da kaurin wayar, watau in wayar milimita 0.8 ce, shi ma na 0.8. Da ramin ya buɗe don gugar waya, sai wuta ta riƙa tsinkewa. Maganinsa sakewa, kuma ba shi da tsada. Rowa ce kawai ke sa a yi ta lallaɓa shi. Sai hular da ke kewaye da shi, inda tartsatsi ke taruwa har ya tare hanyar gas. A kankare ta kowace rana.

Na uku shi ne ya fi wahalar da mutane, don ba a ganinsa. Wani dogon bututu ne kamar hanji cikin igiyar bindigar, ta nan waya ke bi. Ƙurar hunturu tana hawa kan waya, waya ta ja ta ciki, ta cushe. Da damina kuwa tsatsa ce. Wayar sai ta riƙa fitowa da gardama, yaron shago kuma ya ƙara matse ƙafafun da ke turo ta, su murƙushe ta, abin ya daɗa lalacewa. Daidai shi ne a cire bututun a hure shi da iska mai ƙarfi, a rufe naɗin waya da dare, kada kuma a bar igiyar a kanannaɗe lokacin aiki.

Sa'an nan waldar bakin hanya ba ta wannan na'ura ba ce, domin iska na kwashe gas ɗin. Wanda ba shi da rumfa mai kariya, kuma ba ya iya ajiye kayan sakewa daga Katsina ko Kano, gara ya tsaya ga sandarsa.

Manomi ma da nasa laifin. Garma da amalanke tun watan Maris ko Afrilu ya kamata su je gyara, lokacin da mai walda ba ya cikin gaggawa. Ya tsaya a goge tsatsa da fenti a gabansa kafin a soma. In ɗinkin ya huce ya duba ko da ƙananan huji, ya sa a buga masa guduma nan take, tun bai biya ba.