An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Nawar SSD Bayan Sauya Manhaja

'Yan uwana ɗalibai, sanin kowa ne cewa yawancinmu da kwamfutar hannu ta kwance muke aiki. Tun da kamfanin Microsoft ya janye tallafin da ya saba bai wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai ɗalibai da dama suka shiga sauya babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutarsu. Wasu sun koma Windows 11, waɗanda na'urarsu ta tsufa kuma suka rungumi Linux, musamman Ubuntu da Linux Mint. Bayan haka ne ƙorafi ya yawaita cewa ma'adanar SSD, wadda a da take gudu kamar walƙiya, ta koma tafiyar hawainiya.

Abin da ke damuna shi ne maganin da ake ba mu. Da zarar ɗalibi ya je wurin mai gyara, amsar ba ta wuce biyu: ko a share komai a sake zubawa, ko a sayi sabuwar SSD. A ra'ayina wannan barin jaki ne ana dukan taiki. Galibi lafiyar ma'adanar lau, sabuwar manhajar ce ba ta riga ta fahimce ta ba. Kuma kada mu manta, abin da ake sharewa ɗin ya haɗa da kundin binciken ɗalibi da hirarrakin da ya sha wahalar naɗowa.

Domin a gane inda na dosa, mu ɗauki misalin allon makaranta. SSD tana rubutu ne a ƙananan shafuka, amma ba ta iya goge shafi ɗaya tak, sai dai ta wanke rukunin shafuka gaba ɗaya, kamar yadda almajiri yake wanke allo kafin ya yi sabon rubutu. Idan ka share wani aiki a kwamfuta, manhaja ce kawai ta san ka share shi. Ita ma'adanar tana nan tana tattalinsa, tana kwafe shi daga nan zuwa can duk lokacin da za ta yi wanki. Umarnin da ake kira TRIM shi ne ɗan saƙon da ke gaya mata cewa wannan rubutu ba shi da sauran amfani. Idan ɗan saƙon bai zo ba, aiki ya ninku, nawa ta shigo. Windows 7, wadda ta fito a 2009, ita ce ta fara aika wannan saƙo a gidan Microsoft. Ubuntu kuwa takan aika shi ne sau ɗaya a mako ta hanyar fstrim, amma ba kowace irin Linux ce ke zuwa da shi a kunne ba. Duba wannan bai fi aikin minti biyu ba. A Windows, idan aka tambayi DisableDeleteNotify ta hanyar fsutil, amsar ta zo 0, to TRIM yana aiki.

Wani abin kuma shi ne haƙuri. A kwanakin farko sabuwar manhaja tana ta lissafa fayiloli da sauko da gyare-gyare a ɓoye. Bugu da ƙari, tun daga fitowar 2024 ta Windows 11, sau da yawa takan kulle bayanai da BitLocker da kanta idan an zuba ta sabuwa, wanda hakan yana cin nasa ƙarfin. Yanke wa ma'adana hukunci a daren farko zalunci ne.

Masu komawa Linux suna da nasu tarkon. Mutum zai bar fayilolinsa a tsarin NTFS na Windows, sannan ya yi mamakin nawa. Tsohon tafintan da Linux ke karanta NTFS da shi, wato ntfs-3g, ba shi da sauri. Sai a 2021 aka shigar da ntfs3 cikin ƙwayar Linux 5.15. Mu da muke karantar harshe ai mun san magana ta bakin tafinta ba ta kai ta kai-tsaye sauri ba. Haka nan a leƙa BIOS a ga ko an saita ma'adanar a kan AHCI maimakon tsohon tsarin IDE, amma a yi hattara, domin sauya shi bayan an zuba Windows yana iya hana ta tashi.

Wani zai ce ai akwai SSD da ta mutu da gaske, akwai kuma jabu a kasuwa. Haka ne, ban musa ba. Amma ko wannan ba da ka ake yanke shi ba. Manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce, tana karanto rahoton lafiyar da ma'adanar take ajiyewa game da kanta. Idan mai gyara ya ce a sayi sabuwa, sai a ce masa: "Malam, don Allah nuna mini rahoton tukuna." Idan rahoton ya nuna lafiya, kuma ma'adanar cike take maƙil da finafinai, a rage mata kaya, a bar mata sarari kamar kashi ɗaya cikin biyar, a jira kwana biyu a sake gwadawa.