Muryar Mawaƙi Ce Ko Ta Na'ura?

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi tsokaci kan yadda ake gyara muryar mawaƙa a situdiyo, tunda a ƙauye da zarar kaka ta yi sai bukukuwa, sai neman mawaƙa.

Jama'a, muryar nan da muke ji a waya da rediyo, garau ba gargada, sau da yawa ba haka ta fito daga bakin mai ita ba. Mawaƙi zai shiga ɗan ɗaki ya rera a makirfo, sai mai kwamfuta ya karɓa. Ya sa mata amsa-kuwwa, kamar ka yi kira a cikin rijiya. Ya ɗauki muryar sau biyu ko uku ya ɗora wata kan wata, mutum ɗaya ya koma kamar yana da 'yan amshi. Inda numfashi ya gaza a yanke, a liƙa wani.

Uwa-uba ita ce Auto-Tune, wadda wani injiniya ɗan Amurka, Andy Hildebrand, ya fito da ita a 1997. Da can ma aikinsa neman man fetur ne a ƙarƙashin ƙasa ta hanyar sauti. Aikinta shi ne in murya ta kauce wa kiɗa ta janyo ta kan hanya. In kuwa aka murɗa ta har ƙarshe, sai ka ji murya na karkarwa kamar ta ƙarfe. Wata mawaƙiya mai suna Cher ce ta yayata wannan salo a 1998, daga baya ya iso situdiyoyin Kano da Kaduna.

Ni dai ban ce gyara laifi ba ne, kuma yaran situdiyo abincinsu suke nema. Ko hatsi ma sai an sheƙe ake kai shi kasuwa. Amma duk ɗan kasuwa ya san shiƙa daban, algus daban. Wanda ya zuba tsakuwa a ƙasan buhu ya rufe da dawa mai kyau, ai ha'inci ya yi.

Illa ta farko, magana tana ɓacewa. Hausa harshe ne na hawa da saukar murya, shi ya sa kukan hawaye daban, kukar miya daban. In aka cika amsa-kuwwa da karkarwa, sai a gama waƙa ba ka tsinci komai ba. Alhaji Musa Ɗanƙwairo da ya rasu a 1991, da Dokta Mamman Shata da ya rasu a 1999, daga kotso da kalangu sai 'yan amshi, amma har gobe ana kawo maganganunsu a zaure, domin kowace kalma ta fita.

Illa ta biyu a aljihunmu take. Magidanci zai sayar da masararsa ya kira mawaƙi saboda muryar da ya ji a waya. Ranar biki sai a kunna waƙar a lasifika, gogan naka yana motsa baki kawai. Janareto na mutuwa, sai tsit! Shi kuma yaro mai muryar Allah, wanda ba shi da kuɗin situdiyo, ba mai kiransa.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana masu biki, kafin ku ba da kafin-alƙalami ku ce mawaƙi ya rera baiti biyu a gabanku, ba fiyano ba lasifika. Ai ko akuya ba a sayenta sai an taɓa. Gidajen rediyo kuma su ƙara filin da mawaƙi zai zo da makaɗansa ya yi kai tsaye. Ku kuma masu situdiyo, ku sa wa murya gyara kamar gishiri a miya, kada ya yi yawa.

Allah Ya sa mu gane, amin.

Naku,
Wani manomi kuma ɗan tireda,
Ƙaramar Hukumar Bichi,
Jihar Kano.