Bindiga a Hannun Manomi Ba Magani Ba Ce

Magana ta yawaita a zaurukan Boɗinga da kasuwannin ƙasar Shagari, tun da fitinar 'yan bindiga ta gangaro daga gabashin Sakkwato, cewa babu sauran dabara illa kowane magidanci ya sayar da buhun gero ya mallaki bindiga. Har ma gwamnatin Zamfara ta kira jama'arta a 2022 su nemi lasisin riƙe ta. Ba na zargin wanda aka kore masa shanu, aka kuma sa shi biyan kuɗin fansar matarsa, idan ya faɗi haka. Amma ina musun malamai da shugabannin da suke ɗaura wa wannan ra'ayi rawanin hikima, alhali sun san ƙa'idar fiƙihu da take gabatar da tunkuɗe ɓarna a kan jawo maslaha.

Hujjata ita ce, bindiga ba ta zama inda aka ajiye ta. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na 2019 ya nuna cewa makamai 178,459 sun salwanta daga hannun 'yan sanda, daga cikinsu 88,078 ƙirar AK-47 ne. To, idan hukuma mai rumbu da rajista da makulli ta kasa riƙe wannan amana, ina ga manomin da zai jingine tasa bayan ƙofar ɗaki, dare ya yi a zo a ƙwace? Wanda ya manta, ya tuna kisan da 'yan sa-kai suka aikata a kasuwar Mamande ta Gwadabawa a 2021, da ramuwar gayyar da ta biyo baya a kan bayin Allah da ba su ji ba, ba su gani ba.

Gaskiya ne rumbunan makaman Libiya sun watse bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, kuma iyakar Illela faɗi gare ta. Sai dai Najeriya ta amince da yarjejeniyar cinikin makamai ta Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2013, bayan ta ECOWAS ta 2006 wadda ta wajabta sanya wa makami alama da rubuta shi. Saboda haka abin da ya kamaci wakilanmu a majalisa shi ne su tilasta a bi lambar kowace bindiga da kwanson kowane harsashi da aka tsinta a dajinmu har zuwa rumbun da suka fito, a kuma gurfanar da jami'in da makullin yake hannunsa.