Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malaman Nazarin Muhalli Masu Zuwa Bakin Tafkin Kainji



Mai wannan wasiƙa, dattijo ɗan ƙasar Yawuri, ya ga ƙoƙarinku kuma ya yaba. Ɗalibanku na shan rana daga Yelwa har Wara suna ɗibar ruwa a kwalabe, suna awon kifi, da kuɗin binciken da bai taka kara ya karya ba. Allah Ya saka da alheri.

Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne wannan da kuke kira haɗin gwiwa da al'umma. Mota ta tsaya, a gaida Sarkin Ruwa, a ɗauki hoto, a zaro takardar tambayoyi da Turanci. Masunci ya ajiye komarsa jiƙe, ya zauna a gefen kwalekwale yana amsawa har kifinsa ya fara sauya launi. Daga nan shiru. Sakamakon yana can a kantar jami'a ko a wata mujallar Ingila, mai amsar bai taɓa jin abin da aka gano a ruwan da 'ya'yansa ke sha ba.

Mutanen nan sun riga sun biya da tsada. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, an tashi kimanin mutum 44,000, tsohuwar Busa ta nutse, Gungawa suka rasa tsibiran da suke noman albasa. Jikokinsu ne kuke yi wa tambayoyi. Sun san lokacin farin ruwa na damina, sun san baƙin ruwa da ke isowa da hunturu daga tsaunukan Gini, sun san kifin da ke bin kowanne. Ta yaya mai irin wannan sani zai ƙare a matsayin lamba cikin jadawali?

Da ba haka ake yi ba. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, ya rubuta tarihin Yawuri na ƙarni na 19 tun kafin ya shugabanci jami'ar Sakkwato, kuma da bakin dattawa ya haɗa takardun. Ko aikin kamun kifi na haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus da aka fara a 1993, da ya zo batun hana dala, tarun da ke kwashe 'ya'yan kifi, sai da aka bi ta hannun sarakuna da sarakunan ruwa. Cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa tana nan, ku je ku duba. Yau kuwa yaro ya sauko daga mota, ko zama a tabarma bai yi ba, ya koma ya rubuta cewa masunta jahilai ne. Wannan rashin kunya ce!

A gafarci tsoho, zafin abin ne.

Roƙonsa shi ne ku bar mutane su zaɓi tambayar. Ku tambayi mutanen Wara, inda jirgin ruwa ya nutse da ɗimbin rayuka a watan Mayun 2021, za su ce a binciki kututturan itatuwan da ke ƙarƙashin ruwa da lodin da ya wuce kima. Ku tambayi matan da ke bandar kifi, ku tambayi mazauna kusa da ramukan haƙar zinariya. In an gama, ku dawo dandalin da kuka ɗauki hoton, ku karanta sakamakon da Hausa, ku bar wa mai gari kwafi. Mai Martaba Sarkin Yawuri, Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, shi ma ya riƙe jami'ar Sakkwato, don haka fada ba baƙuwar harkarku ba ce.

Wassalam, a gaida ɗalibai.